Rawunan da Sarki Bello ya tuɓe

A shekarar 1882 Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo ya kama hanyar Sakkwato, ajali ya tare shi a Karofi, cikin ƙasar Katsina, shi ya sa ake ce masa Maje Karofi. Ya yi shekara 27 a kan gado, ya bar 'ya'ya rututu, kuma kafin ya cika ya riga ya naɗa wa da dama daga cikinsu rawani. Amma da aka zo naɗin sarki ba ɗansa aka ba ba. Ƙaninsa Muhammadu Bello aka ba.

Ba mai cewa Bello bai gada ba, shi ma ɗan Dabo ne. Kuma ƙasa ya tarar mai albarka. Kasuwar Kurmi a cike take, fatake na shigowa da goro daga Gwanja, Buzaye na sauke gishiri, Larabawan Gadamas na ɗaure turkudi da fatu suna ƙetare hamada da su. Aiki ma ga shi nan jibge. Ningawa na kawo hari daga kudu suna kwashe mutane a gonaki, Damagaram kuma ta sa wa arewacin ƙasar ido, wato nan wajenmu, don wannan yanki na Babura a hannun Kano yake tun wancan zamani har 1991 da aka yanka Jigawa. Sarkin da ke neman abin yi ba zai rasa ba.

Sai dai abin da ya tsaya wa Bello a rai shi ne lissafi. Wane na wane ne? Wa ya so a naɗa ni, wa ya so a naɗa Yusufu ɗan Abdullahi? Wa ya zo gaisuwa da sassafe, wa ya bari sai da hantsi ya dubi ludayi? Ya duba fada ya ga ko'ina 'ya'yan wansa ne da barorin wansa da surukan wansa. Sai ya shiga tuɓe rawuna ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka tuɓe kuwa ba rawani kaɗai ya rasa ba. Garuruwan da yake karɓar haraji sun tafi, gandu ya tafi, dawaki sun tafi, bayin sarauta sun koma hannun sabon mai rawani. Mutumin da jiya ake jera akussa a zaurensa, yau sai ya aika a ranto masa dawa a ɓoye. Masu tarihi sun kawo cewa abin har cikin ɗakin aure ya shiga: mai sarautar da ke auren 'yar Abdullahi sai a ce masa ya zaɓa, ko matar ko rawanin. Ɗansa Tukur kuwa Bello ya yi ta ɗaga shi har ya kai shi Galadima, sarautar da Yusufu ɗan Abdullahi ya taɓa riƙewa zamanin mahaifinsa, lokacin da ya yi suna a yaƙin Ningi.

Na san mai karatu a Kanya Babba zai yi mamakin wannan hali, don mu nan ba mu san shi ba. A wajenmu in Allah ya ba mutum nasara a zaɓe, ba ya aikawa a kawo masa sakamako akwati-akwati ya zauna da jan biro yana yi wa unguwanni alama. Ba a taɓa jin an ɗauke malamin firamare daga garinsu an wurga shi ƙauyen da ke bakin iyakar Nijar don an hango hularsa a wani taro ba. Rijiyar burtsatse ba ta taɓa yin ƙafa ta tsallake unguwa guda ta je ta sauka a ƙofar gidan mai kamfen ba. Wannan duk halin mutanen da ne. Ni tarihi nake bayarwa.

Kuma kada a ɗora wa Bello laifin shi kaɗai. Sarki ba ya sanin abin da aka faɗa a zaurukan gari sai an kawo masa, masu kawowa kuwa ba kyauta suke yi ba. Kowane rawani da aka tuɓe akwai kan da ke jiransa, kuma mai wannan kai shi ya fi kowa sanin laifin mai rawanin, shi ne ya ji abin da ya faɗa, shi ne ya ga wanda ya shiga gidansa bayan lisha. Sarki na ganin gidansa yake ginawa. Bai lura ba cewa duk wanda ya tuɓe yana da yara da barori da masu cin abinci a ƙarƙashinsa, kuma dukkansu yanzu ba su da aiki sai zama da ƙulli a zuci. Shekara 11 Bello ya yi yana tara wa 'ya'yan wansa runduna, ba su biya shi ko wuri ba.

Sauran aikin daga Sakkwato aka ƙarasa shi. A 1891 Abdurrahman ya zama Sarkin Musulmi, wanda ake yi wa kirari da Ɗanyen Kasko. Da ya kai yaƙi Argungu Kabawa suka fatattaki rundunarsa, a ranar kuwa Galadima Tukur ya tsaya tsayuwar maza, Sarkin Musulmi ya riƙe masa wannan a rai. A ƙarshen 1893 Bello ya rasu, Wazirin Sakkwato Buhari yana cikin Kano. Waziri yana da ido, ya ga inda zuciyar gari ta karkata, ya san abin da zai biyo baya in aka yi wa mutane dole. Amma umarni ya zo daga sama cewa Tukur za a naɗa, aka kuwa naɗa shi. Jarumtar Tukur a Argungu gaskiya ce, ba wanda ya musa. Sai dai bashin Sarkin Musulmi ne, ba na Kanawa ba, kuma da wuyan Kanawa aka biya shi. Mu da ba a taɓa aiko mana da ɗan takara daga Dutse ko Abuja an ce shi ne zaɓinmu ba, sai mu gode wa Allah.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Nan aka ga amfanin gonar da Bello ya shuka: tuɓaɓɓu, da 'ya'yan tuɓaɓɓu, da bayin gidan Abdullahi da suka san yaƙi, da duk wanda aka taɓa wulaƙantawa a ƙofar fada, kowa ya ɗaura sirdi ya nufi Takai. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su taimaki Tukur, akasarinsu suka yi ta jan ƙafa. Harin farko da Yusufawa suka kawo wa birni bai yi nasara ba, an kashe musu mutane, an kama da yawa. A nan Tukur ya sami damar da ba ta sake dawo masa ba. Ga 'yan'uwansa da mutanensu a ɗaure a gabansa, gari ya zuba ido ya ga irin sarkin da aka yi masa. Ya zaɓi takobi. Waɗanda da suke zaman jiran gani a cikin birni, daga ranar suka san inda za su.

A nan nake so a ɗan dakata, don wannan ne wurin da masu ba da labarin wannan yaƙi na Basasa suka fi saurin wucewa. Ana lissafa sarakuna da jarumai da ƙofofin da aka fasa, ba a cika lissafa waɗanda aka sa wa igiya a wuya ba. Hukunci a bayyane yake, kowane almajiri ya sani: ɗa Musulmi ba ya bautuwa. Ɗaya daga cikin manyan laifuffukan da jama'ar Shehu suka tuhumi sarakunan Haɓe da shi ke nan, kuma kamun da Gobirawa suka yi wa mutanen Abdussalami na Gimbana yana cikin abubuwan da suka hura wutar jihadi. To shekara 90 bayan haka, jikokin masu tuta ne ke kama Musulmin ƙasar Kano suna kai su kasuwa. Dabarar mai sauƙi ce. A fara ba mutum suna, a ce ɗan tawaye ne. Da sunan ya zauna, gonarsa da rumbunsa da matarsa da 'ya'yansa sun zama ganima. Ɓangarorin biyu duk sun yi, ba mai hannu da tsarki. Kuma ba 'ya'yan sarki aka sayar ba. Manomi ne da bai taɓa ganin Tukur ko Yusufu da idonsa ba, laifinsa kawai dagacin garinsu ya yi mubaya'a ga wanda bai yi nasara a wannan makon ba. Dagaci ya hau doki ya tsere, talaka ya sha igiya.

Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko a 1894. Jama'arsa suka miƙa wuya ga ƙaninsa Aliyu, wanda aka fi sani da Alu, kuma da hikima a zaɓin, don mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, Sakkwato ba za ta ce bare ne ba. A damina ta wannan shekara Alu ya fasa birni ya shiga. Tukur, wanda bai cika shekara a gidan Rumfa ba, ya gudu ƙasar Katsina, aka bi shi, aka gama da shi a yaƙin Tafashiya a 1895. Sarkin Musulmin da ya ce sai Tukur, daga baya dole ta sa ya amince da Alu.

Da Alu ya ɗauki darasi daga abin da aka yi wa gidansu, da labarin ya tsaya nan. Amma shi ma ya zo da nasa lissafin. Tukurawa suka rasa rawuna da gidaje da gonaki, aka raba wa waɗanda suka sha wuya a Takai. Ƙasa ta fita daga yaƙi a jigace, maƙwabta kuma suna kallo. Kafin ƙarnin ya ƙare Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har Gezawa, ba sai an gaya wa mutumin arewacin Kano gonakin wa dawakin suka tattake a hanya ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Turawan Ingila suka ci Kano cikin yini guda, Alu yana can wajen Sakkwato. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Ga kuma abin da ya kamata mai jan biro ya riƙe, in da akwai shi. Bello ya tuɓe rawunan nan ne don sarauta ta tabbata a gidansa. Tun daga ranar da Tukur ya fita daga birni har yau, ba jikan Bello ko ɗaya da ya sake hawa gadon Kano. Alu, Abbas, Usman, Abdullahi Bayero da duk waɗanda suka biyo baya, zuriyar Maje Karofi ne, gidan da aka so a shafe.

Ba kuma za a ce ba a san wata hanya ba, ga ta nan kusa da mu. Da aka naɗa Ibrahim Dabo a 1819, Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure, ya ƙi bi, aka shekara biyar ana gwabzawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu bai ce sai an ga bayansa ba. Ya raba gardama, ya bar wa Kazaure matsayinta na masarauta mai cin gashin kanta. Ga Kazaure nan har yau, da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi a ƙarƙashinta, kuma ba abin da ya ragu a girman Kano.

Bari mu haye teku, kada a ce na matsa wa gidan Dabo.

A 1861, Maje Karofi na shekara ta shida a kan gado, yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, kuma shi kam a kan bauta aka yi shi ƙiri-ƙiri. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4, akasarinsu a jihohin kudu suna noman auduga. Mutumin da aka zaɓa shugaban ƙasa a 1860, Abraham Linkon, ɗan talakawa ne liƙis. An haife shi a 1809 a wata bukkar katako a Kentaki, uwarsa ta rasu yana da shekara 9, zamansa a aji duka-duka bai fi shekara guda ba. Ya yi faskare, ya yi tuƙin kwalekwalen kaya zuwa Niyu Olins inda babbar kasuwar bayi take, ya yi tsaron kanti, ya koya wa kansa aikin lauya da littattafan aro. Abin da ya yi kamfen a kai shi ne kada bauta ta ƙara yaɗuwa zuwa sababbin yankuna. Wannan kaɗai ya ishi masu bayi. Ƙuri'unsa ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, a jihohi 10 na kudu ko takardar ƙuri'arsa ba a raba ba. Jihohi 11 suka ɓalle suka naɗa nasu shugaban. In ana maganar akwatin da bai yi daɗi ba, wannan mutum ya fi kowa ganinsa.

Da ya zo naɗa ministoci, sai ya fara da waɗanda suka kara da shi wajen neman tikitin jam'iyya a Shikago. Wiliyam Siwad, wanda kowa ya ɗauka shi zai ci, ya ba shi harkokin waje. Salmon Ces ya ba shi baitulmali. Edwad Bets ya ba shi shari'a. Kowannensu yana ganin ya fi shi ilimi da asali, kuma ba su ɓoye ba. Siwad ya shigo da niyyar shi zai riƙa juya gwamnati ta bayan fage, Linkon ya taka masa burki cikin ruwan sanyi, bai tozarta shi ba, daga baya ba wanda ya kai shi kusanci da shugaban. Ces kuwa yana kan kujerar minista yana ƙulla yadda zai karɓe tikitin 1864. Linkon ya sani sarai, ya bar shi, don mutumin ya iya nemo kuɗin yaƙi. Da abin ya ishe shi ya karɓi takardar murabus ɗinsa, bayan wata shida kuma ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan ƙasa.

Labarin Edwin Istanton ya fi ba ni mamaki. A 1855 an ɗauki Linkon cikin lauyoyin wata shari'a a Sinsinati, a kan injin girbi. Istanton, babban lauya, ya dubi wannan dogon baƙauye da tufafinsa, ya ƙi ko zama cin abinci da shi, ba a bar shi ya buɗe baki a kotu ba. Linkon ya haɗiye, ya zauna cikin 'yan kallo ya saurari yadda gwanaye ke aiki, ya koma gida. A farkon 1862 ma'aikatar yaƙi ta cika da badaƙalar kwangila, ministan da ke kai ɗan jam'iyyarsa ne kuma ya taimaka masa a Shikago. Ya ɗauke shi ya tura shi jakadanci Rasha, ya kira Istanton, wanda ɗan wata jam'iyya ne kuma bai daina zaginsa ba, ya damƙa masa ma'aikatar. Dalili ɗaya ne: mutumin ba ya sata kuma ba ya barci. Ni kam da na ga wanda ya raina mini riga a bainar jama'a, ban ce zan iya ba. Amma ni ba a ba ni amanar kowa ba.

Ƙofarsa a buɗe take. A tsakiyar yaƙi yakan ware lokaci a mako jama'a su yi layi su shigo, mai neman aiki, gwauruwar da aka kashe wa miji, uwar da aka yanke wa ɗanta hukuncin kisa don ya yi barci a bakin gadi. Da yawa ya yafe musu, har janar-janar ɗinsa na ƙorafi. Ba a ji ya sauya lamba bayan rantsuwa ba, ko da yake za a ce lokacin ba waya.

Ta wannan ƙofa Firedirik Daglas ya shiga a Agustan 1863. Shi bawa ne da ya tsere ya zama babban mai magana da yawun baƙar fata, kuma ba yabo ya kawo ba. Tun ranar 1 ga Janairun shekarar Linkon ya yi shelar 'yanta bayin da ke yankunan tawaye, aka fara ɗaukar baƙaƙe soja, har suka kai wajen 180,000. Amma farin soja na karɓar dala 13 a wata, baƙi dala 10, a cikinta ma a zare 3 kuɗin kaki. Daglas ya faɗa masa a fuska cewa zalunci ne. Linkon ya saurara har ƙarshe, ya kawo uzurinsa na siyasa, wanda bai gamsar da baƙon duka ba, amma bai sa an fitar da shi ba, ya ma sake kiransa shawara a shekara ta gaba. A 1864 majalisa ta daidaita albashin.

Cikin sojojin nan har da namu. Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, ɗan Kukawa ta Barno, Buzaye suka kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Katsina da Zinder, nan bayanmu kaɗan, aka ƙetare hamada da shi zuwa Tarabulus. Ya yi hannu-hannu har Istambul da Rasha, ya ƙare a Amurka da sunan Nikolas Sa'id. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Masacusets, ɗaya daga cikin rundunonin da suka ƙi karɓar albashi fiye da shekara guda, suka ce ko daidai ko a bar shi. Yaron da aka sayar a ƙasar Hausa ya je ya ɗauki bindiga don a daina sayar da mutane a wata nahiya, alhali a nan gida sai da aka ƙara shekara 30 aka yi Basasa, aka sake cika kasuwa. Sai a 1901 Gwamna Lugga ya yi dokar cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Ba waliyyi nake ba ku labari ba. Da farko haɗin kan ƙasa ya sa a gaba, ba 'yancin bayi ba, kuma shelar 1863 ba ta taɓa bayin jihohin da ba su ɓalle ba. Ya daɗe yana tunanin a kwashe 'yantattu a kai su wata ƙasa. A zamaninsa an tsare mutane ba shari'a, an rufe jaridu. A Disambar 1862 ya sa hannu aka rataye mutum 38 daga ƙabilar Dakota, cikin 303 da kotun soja ta yanke wa kisa. Duk wannan yana cikin littafinsa. Abin da na nema a ciki ban gani ba shi ne inda ya ɗauki ikon ƙasa ya rama abin da aka yi wa shi kansa.

Yana fushi kamar kowa. Bayan yaƙin Getisbag a Yulin 1863, Janar Mid ya yi sanyin jiki har rundunar 'yan tawaye ta haye kogi ta tsira. Linkon ya zauna ya rubuta masa wasiƙa mai zafi, ya ninke ta ya ajiye, bai aika ba, sai bayan rasuwarsa aka tsince ta cikin takardunsa. Ba shi da yaran da zai saya wa data su kwana suna zagin janar a Facebook. A watan nan dai ya rubuta wa Janar Girant cewa a kan dabarar cin garin Biksbag, janar ne ya yi daidai, shi ne ya yi kuskure. A 1864 ya ɗauka zai faɗi zaɓe, kuma ga yaƙi a matsayin uzuri in yana son ɗagewa. Bai ɗage ba. Aka yi, ya ci, ya matsa wa majalisa har ta amince da gyaran tsarin mulki na 13 a Janairun 1865, wanda ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya.

Sai ranar da abokan gaba suka zo hannu, irin ranar da Tukur ya samu. An kashe mutum aƙalla 620,000, a arewa akwai masu kiran a rataye shugabannin tawaye. A ƙarshen Maris na 1865 Linkon ya gana da manyan janar ɗinsa ya nuna musu abin da yake so: in sun ajiye makami a bar su su koma gida. Ranar 9 ga Afrilu Janar Li na 'yan tawaye ya miƙa wuya a Afomatoks. Girant ya ba da umarni a fitar da abincin mutum 25,000 a ba rundunar da jiya take harbinsu, don yunwa ta gama da ita. Ya kuma ce duk sojan da doki ko alfadarin da ke hannunsa nasa ne, ya tafi da shi, lokacin shuka ya yi, iyalinsa na bukatar abin huɗa. Manomi ya san nauyin wannan magana fiye da ɗan boko. Ba a tambayi kowa wa ya zaɓa a 1860 ba.

Bayan kwana biyar wani ɗan wasan kwaikwayo mai goyon bayan kudu ya harbe Linkon a gidan kallo a Washinton, ya cika da safiyar 15 ga Afrilu, Istanton na tsaye a kansa yana kuka. Waɗanda suka gaje shi ba su iya riƙon ba. Sassaucin da aka yi wa tsofaffin iyayengiji ya koma sakaci da haƙƙin 'yantattu, har sai da baƙar fatar Amurka suka ƙara shekara 100 suna neman ƙuri'ar da aka ce an ba su. Yafiya daban, barin mai ƙarfi ya ci gaba da danne marar ƙarfi daban.

To, ranka ya daɗe, na san ba ka da lokacin karanta mujalla, karanta maka ake yi. In wani ya shigo da wannan takarda yana haki ya ce da kai nake, kada ka yi saurin fushi da ni. Na ambaci Bello da Tukur da Alu, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na ambaci wani Bature da ya mutu tun 1865. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Ka tambayi mai kawo maganar me ya gani a tare da kai da har ya zaci haka, sannan ka tambaye shi kujerar wa yake so a ba shi.

Roƙona ɗaya ne, kuma ba ga kowa ba sai ga wanda abin ya shafa. Idan takin gwamnati na bana ya iso, mai riƙe da takardar sunaye ya fito da ita ƙofar gidan dagaci, da rana tsaka, ya karanta da ƙarfi unguwa-unguwa, har da unguwannin da akwatinsu bai yi daɗi ba.